Gyara ne ko ingantawa: yadda harajin Amurka ke kallon kuɗin da aka kashe wa gidan haya

Rufin gidan haya ya fara yoyo a kusurwar ɗakin sama, silin ya yi jirwaye, ɗan haya ya kira. Mai aikin rufi ya hau ya duba, ya sauko da lissafi biyu: dala 900 a yanke wurin da ya ruɓe a toshe, ko dala 22,000 a yaye rufin gaba ɗaya har katakon da ke ƙarƙashinsa a kafa sabo. A bakin mai gida duka biyun sunansu ɗaya, an gyara rufi. A wajen hukumar harajin Amurka, IRS, na farko gyara ne, na biyu ingantawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai shekara 27 da rabi.

Haraji a kan riba ake biyansa, wato abin da ya rage daga kuɗin haya bayan an cire ɗawainiyar gida. Kuɗin gyara ana cire shi duka a shekarar da aka kashe shi, a takardar da masu gidajen haya ke cikewa mai suna Schedule E. Kuɗin ingantawa kuwa jari ne. Ana ɗora shi a kan jarin da ke rubuce a kan ginin, sannan a riƙa yanko shi kaɗan-kaɗan kowace shekara da sunan ragin tsufa, a fom mai lamba 4562. Wa'adin gidan zama shekara 27 da rabi ne, na ginin kasuwanci kamar shago ko ofis shekara 39. Fili ba ya tsufa a idon doka, don haka kuɗinsa ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan.

A raba dala 22,000 gida 27 da rabi, za a samu dala 800 a shekara. Mai gidan da harajinsa na tarayya ke kan kashi 24 cikin ɗari, da an yarda masa ya cire kuɗin rufin lokaci guda, da ya rage dala 5,280 daga harajin bana. Ta hanyar ragin tsufa dala 192 yake ragewa kowace shekara. Shekarar farko ma ba ta cika ba, domin doka tana ɗauka cewa kowane gini da kowace ingantawa a tsakiyar wata suka fara aiki. Rufin da aka gama a Yuli wata biyar da rabi za a ƙirga masa, kimanin dala 367.

Ana yawan cewa ai duk ɗaya ne, kuɗin zai dawo ko ba jima ko ba daɗe. Maganar tana da gaskiya amma da sauranta. A ce mai gidan ya sayar bayan shekara biyar. Ya ci ragin kusan dala 4,000, saura 18,000 na zaune a cikin jarin gidan, kuma za su rage masa ribar sayarwa. To amma ribar sayar da kadara da aka daɗe da ita harajinta ya fi sauƙi, yawancin mutane kashi 15 suke biya. Ke nan dala 18,000 ɗin nan sun rage masa 2,700 a maimakon 4,320, kuma sai bayan shekara biyar. Ita kuma 4,000 da ya riga ya cire, hukuma za ta waiwayo ta a ranar sayarwa ta ɗora mata haraji da zai iya kaiwa kashi 25. Saboda haka kowane mai gida ransa na ja wajen kiran komai gyara, hukuma kuma ta san da haka.

Asalin rikicin sashe biyu ne na dokar haraji. Sashe na 162 ya ba da damar cire kuɗin tafiyar da harka na yau da kullum, sashe na 263(a) ya hana cire kuɗin da aka zuba a matsayin jari. An yi shekaru aru-aru kotuna na raba wannan gardama ɗaya bayan ɗaya, hukunci yana karo da hukunci, har Baitulmalin Amurka ya fitar da cikakkun ƙa'idoji a Satumban 2013, suka fara aiki daga 1 ga Janairu, 2014. Su ake bi yanzu. Ba su kashe gardamar ba, amma sun ba ta tsari.

Da me ake auna aikin

Tambayar farko, wadda yawancin masu gida ke tsallakewa, ita ce: wane abu ne aka yi wa aikin? Wanda ya sayi gida dala 300,000 ya canza injin ɗumama ɗakuna na dala 7,000 zai ce wannan ai ɗigo ne a teku. Da gidan gaba ɗaya ake aunawa, da ya yi gaskiya. Sai dai ƙa'idojin sun yayyanka gini. Akwai gangar jikinsa, wato bango, rufi, daɓe, tagogi da ƙofofi. Sannan akwai tsare-tsare takwas da kowanne ake dubawa shi kaɗai: na ɗumamawa da sanyayawa, na bututun ruwa, na lantarki, na gas, na kashe gobara da ƙararrawarta, na tsaro, na lifta, da na matakala mai tafiya da kanta. Injin ɗumamawar nan da tsarin ɗumamawa za a gwada shi. In shi kaɗai ne a gidan, an canza zuciyar tsarin ke nan, kuma jari ne.

Daga nan sai a yi wa aikin tambaya uku. Ya ɗaukaka abin fiye da yadda yake? Ya farfaɗo da shi bayan ya mutu, ko ya maye wani babban ɓangarensa? Ya juya shi zuwa wani amfani na daban? In ɗaya ta samu amsar e, ingantawa ce. In duk ukun a'a, gyara ne, komai tsadarsa. Babu wani adadin kuɗi da in an haura shi aiki ke zama ingantawa. Fentin babban bene na dala 30,000 gyara ne, sabuwar baranda ta dala 4,000 ingantawa ce.

Tambaya ta uku ba ta da wahala. An mayar da ɗakunan kwana na ƙasa shago, ko gareji ya koma ɗakin haya mai banɗaki, babu mai musu.

Ta farko, wato ta ɗaukakawa, ita ce mai sarƙaƙiya, saboda duk gyara yana barin abu ya fi yadda yake jiya, in ba haka ba me ya sa za a yi shi? Abin da ke warware ta shi ne lokacin da ake kwatantawa da shi. In lalacewar ta tsufa ce da amfanin yau da gobe, ana kwatanta abin da yadda yake a karo na ƙarshe da aka gyara shi, ko ranar da mai gida ya fara ba da hayarsa in ba a taɓa gyarawa ba. In wani abu ne ya faru farat ɗaya, kamar iska ta kwashe ɓangaren rufi ko bututu ya fashe, ana kwatantawa da yadda yake dab da faruwar abin. Mayar da shi wannan matsayi gyara ne. Wuce shi da gaske, ta fuskar girma, ƙarfi, inganci ko yawan aikin da yake iya yi, shi ne ɗaukakawa. Ƙara ɗaki, ƙara banɗaki, sa wa gidan da bai taɓa samun na'urar sanyaya ɗaki ba sabon tsari, ɗaga akwatin wuta daga amfa 100 zuwa 200, duk suna nan.

Akwai rangwame mai ma'ana a nan. In irin tsohon kayan ya ɓace a kasuwa, aka sa makamancinsa na zamani, wannan kaɗai ba ya mayar da aiki ingantawa, ko da sabon ya ɗan fi nagarta saboda ci gaban sana'a. Amma in akwai makamancin a kasuwa, mai gida ya tsallake shi ya zaɓi wanda ya ninka shi ƙarko da juriyar wuta, shi ya zaɓi ɗaukakawa da hannunsa.

Tarko mafi kama sababbin masu gida yana ƙarƙashin wannan tambaya. Duk aibin da gida ke da shi tun kafin a saye shi, kuɗin kawar da shi jari ne, ko mai saye ya san da aibin ko bai sani ba. Hujjar ita ce an riga an rage aibin a farashi, don haka kuɗin gyaransa cikon kuɗin saye ne. An sayi gida a Maris, a Mayu aka gano harsashin ya daɗe da tsagewa, aka kashe dala 12,000: jari. Haka kuma duk aikin da aka yi kafin gida ya zama a shirye don haya, har fenti da canjin makulli waɗanda a wata shekarar gyara ne tsantsa, yana shiga kuɗin saye. Ranar da gida ya shiga aiki ita ce ranar da ya kammalu aka kuma sa shi a kasuwar haya, ko da ɗan haya bai shigo ba tukuna. Wanda ya ajiye shaidar tallan da ya fitar mai ɗauke da kwanan wata ya yi wa kansa gata.

Babban ɓangare, nawa ne shi

Tambaya ta biyu, wato ta farfaɗowa, ita ce aka fi tafka muhawara a kanta, musamman batun maye babban ɓangare. Ƙa'idojin ba su ce kashi kaza ba. Misalai suka jero, daga cikinsu ake shinshino inda iyakar take. Ginin ofis mai tagogi 300: canza 100 ba farfaɗowa ba ce, canza 200 farfaɗowa ce. Amma in ginin na gilashi ne, tagogin su ne kusan dukkan fuskarsa, to 100 ɗin ma ta isa ta zama jari. Tsarin ɗumamawa mai injina uku, aka canza ɗaya: gyara. Na'urorin ɗumamawa da sanyayawa goma a kan rufi, aka canza uku: gyara. Sake wayoyin wutar gini gaba ɗaya jari ne, sake kashi 30 cikin ɗari nasu gyara. Canza dukkan kwanukan wanke hannu da na bahaya jari ne, canza kwano 8 cikin 20 gyara. A rufi, sauya shimfiɗar robar da ke hana ruwa shiga da makamanciyarta bai kai babban ɓangare ba, amma yaye komai har katako da abin tare zafi ya kai.

Wanda ya dubi waɗannan misalai zai ga kamar kusan kashi ɗaya bisa uku yana tsira, kashi biyu bisa uku ba ya tsira, tsakaninsu kuma fagen gardama ne. Akantoci da yawa haka suke amfani da su, kuma ba laifi, muddin ba a manta cewa jagora ce kawai ba. Abin lura shi ne misalan kusan duk na manyan gine-gine ne. Mai ƙaramin gida ɗaya ba shi da injina uku ko na'urori goma. Injinsa ɗaya, tukunyar ruwan zafinsa ɗaya, banɗakinsa ɗaya ko biyu, don haka kusan duk abin da ya canza ɗungurungum shi ne ɗari bisa ɗari na irinsa. A ganina nan ne ƙa'idojin suka fi matse ƙaramin mai gida, kuma saboda haka ne sassaucin da ke tafe ya fi masa amfani fiye da kowa.

Akwai kuma gidan da aka bari ya lalace har ya daina zaunuwa. Tayar da shi farfaɗowa ce ko da kowane aiki a cikinsa, in an ɗauke shi shi kaɗai, ƙarami ne. Haka gyaran ɓarnar gobara ko guguwa in mai gida ya riga ya cire asarar a harajinsa, ko inshora ta biya shi har aka rage jarin gidan: ba a cin abu ɗaya sau biyu.

Sai aikin da ke bin wani aiki. Fenti gyara ne. Amma in an fasa bango don a sake bututun gida duka, liƙe bangon da fentinsa sun zama ɓangaren aikin bututun, domin ba don shi ba da ba a yi su ba. Fentin ɗakin da aikin bai taɓa ba, ko da rana ɗaya aka yi shi da mai fenti ɗaya, yana nan a matsayin gyara. Abin da zai raba su kawai shi ne yadda aka rubuta takardar aikin.

Ƙofofin sassauci uku

Na farko na ƙananan kaya ne. Duk abin da kuɗinsa bai wuce dala 2,500 ba, a kan kowace takardar biya ko kowane kaya da aka rubuta daban a cikinta, ana iya cire shi nan take ba tare da an shiga waccan muhawara ba. Da dala 500 ne, aka ɗaga shi daga 2016. Kamfanonin da ke da rahoton kuɗi wanda odita, wato mai binciken kuɗi, ya tantance suna da iyakar 5,000. Tukunyar ruwan zafi ta dala 1,400, firji, murhu, injin wanki, duk suna wucewa ta nan. Sharuɗɗan kaɗan ne amma ana faɗuwa a kansu. Dole mai gida ya kasance tun farkon shekara haka yake rubuta irin waɗannan kuɗaɗe a littafinsa, a matsayin kashewa. Dole ya haɗa gajeriyar sanarwar zaɓi da takardar harajinsa, kowace shekara, a kan lokaci. Kuɗin kawowa da na kafawa da ke cikin takarda ɗaya da kayan suna shiga lissafin, don haka na'urar dala 2,100 da ladan kafawa 600 ta zama 2,700, ta fita. Kuma roƙon ɗan kwangila ya tsaga aikin dala 7,000 zuwa takardu uku dabara ce da ƙa'idojin suka ambata suka hana.

Na biyu na ƙananan masu gida ne, kuma shi ne mai ƙarfi, domin yana haɗiye har ingantawa ta gaskiya. Matsakaicin kuɗin shigar mutum na shekara uku da suka wuce kada ya haura dala miliyan 10, asalin jarin ginin kafin a cire ragin tsufa kada ya haura dala miliyan 1, sannan jimillar duk abin da aka kashe wa ginin a shekarar, gyara da kulawa da ingantawa, kada ta wuce dala 10,000 ko kashi 2 cikin ɗari na wannan jari, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Mutane 10,000 ɗin suke riƙewa, su manta da kashi 2. Ginin da jarinsa, ban da fili, dala 240,000 ne iyakarsa 4,800. A ce an kashe 3,100 wajen sa sababbin ƙofofi masu ƙarfi da 1,500 a ƙananan gyare-gyare, jimilla 4,600, komai ya fita bana. Sai ranar 20 ga Disamba magudanar kicin ta toshe, mai famfo ya karɓi 400. Jimilla ta zama 5,000, kuma sassaucin ba raguwa yake yi ba, rushewa yake yi gaba ɗaya na wannan gini a wannan shekara. Gyare-gyaren suna nan a matsayinsu, amma kuɗin ƙofofin sun koma ƙarƙashin tambayoyi uku. Abin da aka cire ta sassauci na farko da na uku ma ana ƙirga shi cikin jimillar. Magudanar da ta toshe ba ta jira, amma aikin da zai iya jira Janairu, wanda ke riƙe da lissafi tun Oktoba ya san ya ɗage shi. Shi ma wannan sai da sanarwar zaɓi kowace shekara, gini-gini.

Na uku na kulawar yau da kullum ne: dubawa, wankewa, gwadawa, da canza sassan da suka cinye da makamantansu, in mai gida yana da dalilin sa ran zai yi aikin fiye da sau ɗaya cikin shekara goma daga ranar da ginin ko tsarin ya fara aiki. Sassan na'urar sanyi da ake canzawa duk shekara huɗu suna shiga. Rufin da ake sa ran zai yi shekara 25 ba ya shiga. Wannan ba shi da iyakar kuɗi, ba ya buƙatar sanarwa, amma ba ya rufe ɗaukakawa ko aibin da aka gada daga tsohon mai gida.

In aiki ya tabbata jari ne

Ba duk jari ne ke jiran shekara 27 da rabi ba. Firji, murhu, kafet da kayan ɗaki shekara 5 ne. Shinge, hanyar mota da shuke-shuken ƙawata harabar gida shekara 15. Kayan da wa'adinsu bai wuce shekara 20 ba suna iya samun ragin gaggawa, wato cire wani kaso na kuɗinsu tun a shekarar farko, kason da ya yi ta sauka daga ɗari bisa ɗari zuwa 80 a 2023 da 60 a 2024, kafin dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mayar da shi ɗari bisa ɗari ga kayan da aka saya bayan 19 ga Janairu, 2025. Jihohi da dama ba sa bin tarayya a wannan, sai an duba ta jihar da gidan yake. Wanda ya sake kicin da dala 25,000 ya rubuta shi dunƙule, ya jefa firji da murhu cikin layin shekara 27 da rabi ba gaira ba dalili.

Sannan akwai tsohon rufin da aka yaye aka zubar. Kuɗinsa na nan ɓoye cikin jarin ginin, ana ci gaba da yanko ragin tsufarsa alhali yana juji. Ƙa'idojin sun ba da zaɓin a cire ragowarsa a matsayin asara a shekarar da aka cire shi. Gini mai jarin dala 275,000, an shekara goma ana haya, aka ƙiyasta tsohon rufin ya ɗauki kashi 6 na kuɗin, wato 16,500. An ci masa ragin 600 sau goma, 6,000. Saura 10,500, kuma ana iya cire su bana, abin da ke rage zafin jiran sabon rufin. Ƙiyasin dole ya kasance ta hanya mai ma'ana. Ɗaya daga cikin waɗanda aka yarda da su ita ce a ɗauki kuɗin sabon a mayar da shi baya zuwa shekarar saye da ma'aunin farashin masana'antu na gwamnati. Zaɓin a takardar harajin wannan shekarar ake yin sa, in ta wuce ya wuce.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya cire asarar tsohon abu, wajibi ne ya ɗauki sabon a matsayin jari, ko da aikin ƙarami ne da zai iya wucewa a matsayin gyara. Mai tagogi 12 da ya canza uku da dala 3,600, in ya nemi asarar tsofaffin ta 'yan ɗaruruwa, ya sayar da cirewar 3,600 ta nan take. Garin neman gira an rasa ido.

Ba kullum ne kiran abu gyara ke amfani ba ma. Asarar gidan haya ba a cire ta daga albashi kai tsaye. Mai gidan da ke sa hannu a tafiyar da harkarsa yana iya cire har dala 25,000 daga sauran kuɗin shigarsa, amma wannan dama tana fara zaizayewa daga kuɗin shiga na dala 100,000, ta ƙare a 150,000. Wanda ya haura nan, asararsa ajiye ta ake yi har sai gidan ya kawo riba ko an sayar. Irin wannan mutum ba shi da dalilin yin kasada a kan aikin da ke bakin iyaka, tunda ko ya ci gardamar ba bana zai ga kuɗin ba.

Ladan guminsa kuwa, mai gidan da ya hau tsani ya yi fenti da kansa ba ya cire ko sisi. Kuɗin fenti da buroshi kawai. In ɗan haya ne ya biya mai gyara ya zare daga kuɗin haya, cikakken kuɗin hayar ake rubutawa a matsayin shiga, sannan a cire gyaran daban. Mai zaune a rabin gida yana haya da rabi, raba kuɗin aikin da ya shafi ginin duka zai yi.

Wanda ke da gida a Ingila kada ya ɗauki wannan lissafi ya kai can. Tunanin ɗaya ne, sakamakon ya fi tsanani ta wata fuska ya fi sauƙi ta wata. A can babu ragin tsufa ga ginin gidan zama, don haka kuɗin ingantawa zama yake yi har ranar sayarwa, sannan a cire shi daga ribar. Amma ma'aunin gyara ya fi faɗi: ana duba gidan a dunƙule, sake rufi da makamancinsa yakan wuce a matsayin gyara, kuma hukumar harajinsu, HMRC, ta yarda cewa canza taga mai gilashi ɗaya da mai gilashi biyu gyara ne tunda shi ne abin da ake sawa yanzu. Batun gidan da aka saya da lalacewa shari'u biyu ake komawa gare su. A ta kamfanin Law Shipping ta 1923, jirgin ruwan da aka saya a lalace, kotu ta ce kuɗin gyaransa jari ne. A ta gidajen silima na Odeon ta 1971, gine-ginen suna aiki lokacin da aka saye su, gyaran ne kawai aka jinkirta saboda yaƙi, kotu ta yarda a cire.

Takardar ɗan kwangila

Ranar bincike, ma'aikacin haraji bai ga rufin ba, bai ga jirwayen silin ba. Takarda yake gani. Rasit mai layi ɗaya da ke cewa “sabunta banɗaki, dala 9,800” ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ko da rabin aikin toshe yoyo ne da canza tayil huɗu da suka fashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takardar da ke da amfani tana faɗin abin da ya lalace da sanadinsa, abin da aka cire, abin da aka sa da adadinsa, nawa ne cikin nawa (taga 3 cikin 12, ƙafa 40 na bututu cikin kusan 300), da kuɗin kowane ɓangare da ladansa a layinsa. Ana neman wannan kafin a biya kuɗin ƙarshe, domin bayan biya ɗan kwangila ba ya ɗaga waya. Hoton kafin aiki da na bayan aiki, saƙon ɗan haya da ya kawo ƙorafin, da rahoton mai duba gida na lokacin saye, su ne ke nuna ko aibin gado ne ko sabo. Kalmar da aka rubuta ba ta canza gaskiyar aiki, sake rufi duka ba ya zama gyara don an kira shi haka, amma rubutu maras bayani yana iya jawo wa gyara na gaskiya hukuncin jari.

Kuskure iri biyu ne, kuma na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Wanda ya cire jari a matsayin gyara, in an kama shi zai biya harajin da ruwa, mai yiwuwa da tarar kashi 20. Wanda kuma tsoro ya sa ya ɗora komai a jari, ko bai taɓa cire ragin tsufa ba sam, yana yi wa kansa asara a ɓoye, domin a ranar sayarwa doka tana rage jarin gida da ragin da ya halatta a cire, ko an cire ko ba a cire ba. Zai biya haraji a kan rangwamen da bai taɓa ci ba. In kuskuren na shekara ɗaya ne, ana gyara takardar harajin wannan shekarar. In ya maimaitu shekara biyu a jere ko fiye, ya zama tsarin lissafi a idon hukuma, sai da fom mai lamba 3115, wanda ke ba da damar tattaro duk ragin da aka bari a baya a cire shi a shekara ɗaya. Rasit ɗin gyara ana ajiye shi aƙalla shekara uku bayan miƙa takardar harajin da ya shiga. Na ingantawa yana zama a fayil muddin gidan na hannu, da ƙarin shekara uku bayan takardar harajin shekarar da aka sayar.